Neman 'yar kyamarar aljihu a Circle ta Akra

Daga Nima ko Mamobi, mota ɗaya ce za ta sauke ka a shataletalen Kwame Nkrumah, wanda mutanen Akra ke kira Circle. Tun da aka buɗe gadar saman wurin a 2016 wasu ke yi masa laƙabi da Dubai saboda fitilu, amma ƙarƙashin gadar yana nan yadda aka san shi: yaran mota na ta kiran fasinja, masu talla na bin ka, samari na nuna maka waya a tafin hannu. A gefe ne layin Tip Toe yake, matattarar wayoyi da kayan lantarki, sababbi da na hannu. Ka riƙe aljihunka da kyau.

Waya ce ta cika layin, kyamara sai an tambaya. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. A 2010 kamfanonin Japan sun fitar da kyamarori fiye da miliyan 120, a 2023 kuwa ba su kai miliyan 10 ba. Casio ma ya bar harkar tun 2018. Don haka Canon IXUS ko Sony Cyber-shot ko Nikon Coolpix da za a ciro maka daga akwatin gilashi, galibi ta hannu ce, ta yi shekaru a aljihun wani a Turai.

To me zai sa mai waya ya nemi kyamara? Wayar ɗan kasuwa ba ta daɗewa a hannunsa. Yau an sayar, gobe ta faɗa ruwa, jibi an zare ta a tasha, kuma hotunan sunan yaron da kakarsa ta Maraɗi ba ta taɓa gani ba su tafi tare da ita. Kyamara a gida take kwana, katinta kuma ana iya cirewa a adana tare da takardu.

Mai shago zai fara da megafiksel. Bar shi ya gama. 12 ta isa a wanke hoton da za a rataya a bango. Waɗannan sababbi fil marasa sanannen suna, masu lamba 48 a jikin kwali, sau da yawa tsohuwar Canon ta fi su fitar da fuska. Haka ma zuƙowa: wadda idon kyamarar ke fitowa waje da kansa ita ce ta gaske, ɗayar faɗaɗa hoto kawai take yi har ya dushe.

Idon nan shi ne inda ya kamata ka ɓata lokaci. Akra gaɓar teku ce, damshinta na sa fumfuna ta tsiro a cikin gilashi, sai ka ga wasu zare-zare kamar saƙar gizo-gizo idan ka haska da tocilar waya. Kar ka saya, ko an rage maka rabi. Kunna, kashe, sau biyar. In idon ya yi ƙara ko ya tsaya a hanya, ƙasa ta shiga, kuma ƙurar hunturu ta hanyar Tamale zuwa Bawku za ta ƙarasa shi. Sai ka ɗauki hoton farin bango, ka duba ko akwai ɗigo baƙi.

Batir kuma, kowane samfuri da nasa. In babu caja, ciniki bai faɗa ba. Wasu tsofaffin Canon PowerShot na jerin A suna cin batir AA irin na tocila, wanda ake samu a kowane ƙauye; ga mai yawan bin hanya, ni su na fi so, duk da kaurinsu. Duba katin ma. Tsofaffin Sony na amfani da Memory Stick, Olympus da Fujifilm na da suna amfani da xD, samun su yanzu wahala ne. Nemi mai cin SD, ka zo da naka katin a gwada a gabanka, don wasu tsofaffin ba sa karanta wanda ya wuce giga 2.

Mai wucewa Lome, Kwatano ko Yamai ya tuna cewa soket ɗin Gana mai baki uku ne irin na Najeriya, can kuwa mai ƙafa biyu zagayayyu ne. Adafta tana nan a tiren masu talla a bakin layin, ka saya kafin ka nufi tasha.