Kaya Babu Dillali

Jama'a, duk wanda ya san kasuwar Asihar ya san kaya kan bi ta hannun dillali kafin su isa ga mai saye. To, haka kwamfuta take. In ka tura bidiyo daga wannan zuwa waccan, sai ƙwaƙwalwar injin ta karɓa, ta kwafa, ta ɗaure ƙunshi-ƙunshi, sannan ta miƙa. Ta can kuma ta zauna kwancewa. Dillalin nan ba la'ada yake ci ba, lokaci yake ci.

Ni sana'ata ɗaukar bidiyon biki. Injuna uku gare mu a shago, rumbun ajiya ɗaya. Abin da ke haɗa su shi ne NFS, wanda kamfanin Sun na Amurka ya ƙirƙiro a 1984, don kowane inji ya ga rumbun kamar nasa ne. Yana aiki, amma bikin kwana uku da muka ɗauko a Tahifet ya fi ƙarfinsa. Hoto na tsayawa, yara na hamma, dangin amarya kuwa sun ce ran Juma'a suke son abinsu. A nan Tamanrasset mu 'yan tsiraru ne. Ka saɓa alkawari sau ɗaya, kafin magariba Hausawan gari duk sun ji.

Sai na koma ga RDMA. Ma'anarsa, katin sadarwa ya zuba kaya kai tsaye cikin ma'ajiyar ɗaya injin, ƙwaƙwalwa ba ta sa hannu a kwafa ba. Linux ta iya haɗa shi da NFS tun 2008. Dole kowane inji ya sami kati mai iyawa. Ni tsofaffin Mellanox na samo. A injin rumbu ka buɗe ƙofa mai lamba 20049, maimakon 2049 da aka saba, sauran kuma ka gaya masu su shigo ta nan. Saitin bai kai shan shayi uku ba. Neman katin ne ya ci wata guda.

Amma ɗan'uwa, in faifan rumbunka mai nawa ne, kada ka ɓata dinarinka, sirdin doki ne a bayan jaki. Katin kuma yana zafi, ga ƙurar garin nan, sai da na ƙara masa fanka.

Mun gama daren Alhamis. Igiyarmu mita uku ce, saboda haka bidiyon ya tafi Tahifet a ɗan katin waya, cikin aljihun direba.