Dawaki 200 a ƙarƙashin mutum ɗaya: yadda Jamus ke ɗaure mahayi ta saki babur

Kawasaki Ninja H2 SX, wanda ya shigo kasuwa a 2018, an ƙera shi ne don mutumin da zai tashi daga Munich da hantsi, matarsa a goye, akwatuna biyu maƙale a gefen babur, ya tsallaka duwatsun Alps ya ci abincin dare a Italiya. Injinsa cc 998 ne, amma an ɗora masa wata fanka mai cusa iska cikin inji da ƙarfi, wadda injiniyoyin kamfanin na ɓangaren jiragen sama suka sa hannu wajen zana ta. Da ita yake ba da ƙarfin dawaki kusan 200. Nauyinsa ya haura kilo 250, tankinsa na cin lita 19. Daga 2022 aka ƙara masa na'urar rada ta kamfanin Bosch gaba da baya, wadda ke rage masa gudu da kanta idan motar da ke gaba ta sassauta, ta kuma kunna wata 'yar fitila a jikin madubi idan wani abin hawa ya shiga wurin da idon mahayi ba ya kaiwa. Masu sharhin babura a Turai sun fi yaba masa yadda yake fizgar mutum ba tare da an yi ta sauke giya ba, suna kuma kuka da nauyinsa a cikin gari da farashinsa, wanda ya isa a sayi sabuwar ƙaramar mota.

Mai karatu a Kano ko Maraɗi, wanda ya saba da Boxer mai ƙarfin da bai kai na dawaki 10 ba, tambayar da zai fara yi ita ce: wace irin hukuma ce za ta bar ɗan Adam ya hau wannan abu a kan titin jama'a? Tambaya ce mai ma'ana, kuma amsarta ta fi duk wani bayani kan injin amfani. Ƙasashe sun rabu kan inda ya kamata doka ta ɗora hannunta. Wasu sun kama babur ɗin, suka rage masa ƙarfi ko suka hana shi fita. Jamus ta kama mahayin, ta tsare shi shekaru, sannan ta sakar masa babur da titi. A ganina hanyar Jamus ce ta fi riƙe ruwa, duk da cewa tana da nata tabon.

Babu yadda saurayi ɗan shekara 18 zai shiga shago a Stuttgart ya fito a kan H2 SX, ko da mahaifinsa ne ya mallaki shagon. Tun daga ranar 19 ga Janairu 2013 ƙasashen Tarayyar Turai ke aiki da lasisin babur mai hawa-hawa. Ɗan shekara 16 na iya samun A1, wanda ya tsaya a cc 125. A shekara 18 sai A2, mai iyakar kilowat 35, wato dawaki 48 ke nan. Lasisin A, wanda ba shi da iyaka, sai wanda ya yi shekara biyu cur da A2 ya kuma sake cin jarrabawar tuƙi, ko wanda ya kai shekara 24. Masu dokar sun toshe ƙofar baya ma: ba a yarda a ɗauko babur mai ƙarfin da ya wuce kilowat 70 a ɗaure masa inji don mai A2 ba, saboda haka H2 SX, mai kilowat 147, ko da wasa bai shiga hannun sabon shiga. Kafin jarrabawa kuwa dole ɗalibi ya zauna a aji, ya yi gwajin ido, ya koyi taimakon gaggawa, sannan ya yi darussan tuƙi na musamman guda 12, kowanne minti 45: biyar a hanyar karkara, huɗu a babban titi, uku da duhu. Malamin na biye da shi a mota ko a wani babur, yana yi masa magana ta rediyon da ke cikin hular kwano. Wanda ya fara karɓar lasisi kuma yana cikin gwaji na shekara biyu, laifi mai nauyi guda ya isa a tura shi ajin gyaran hali a ƙara masa wasu shekaru biyun.

Babur ɗin ma bai tsira daga bincike ba, sai dai abin da ake dubawa shi ne lafiyarsa. Duk wata 24 ake kai shi wurin masu gwaji irin su TÜV ko DEKRA, su duba birki da taya da fitilu da salansa, su manna ɗan tambari mai launi a jikin lamba wanda ɗan sanda zai karanta daga nesa ya san watan da gwajin zai ƙare. Da yawa daga cikin lambobin manyan babura suna ɗauke da wasu ƙananan alƙaluma biyu a gefe, ɗaya bisa ɗaya, misali 04 a sama da 10 a ƙasa. Ma'anarsu ita ce daga Afrilu zuwa Oktoba kawai aka yi wa babur ɗin rajista da inshora, sauran watannin sanyi yana gareji a lulluɓe, ko ajiye shi a bakin titi laifi ne. Wannan 'yar lamba ta faɗi matsayin babur a ƙasar: abin shaƙatawar magidanta ne masu albashi, akasari waɗanda furfura ta fara fito musu, ba da shi ake ciyar da gida ba.

Bayan duk wannan ne ake sakin linzami. Babban titin Autobahn ya kai kilomita 13,000, kuma fiye da rabinsa ba shi da iyakar gudu. Akwai dai shawarar kilomita 130 a awa, wadda ke aiki tun 1978. Wuce ta ba laifi ba ne, amma kotunan ƙasar sun daɗe da yanke cewa wanda ya wuce ta ya yi haɗari zai iya ɗaukar wani kaso na asarar ko da ɗayan ne ya yi kuskure. Dabara ce ta mutanen da suka san zafin biyan diyya. Mai tafiya kilomita 200 a awa yana cinye mita 55 a kowace daƙiƙa, wato kafin ya ƙifta ido sau biyu ya wuce tsawon filin ƙwallo, kuma nisan da birki ke buƙata yana ninkuwa sau huɗu idan gudu ya ninku sau biyu. Hukuma ba ta ɓoye wa mahayi wannan lissafi ba, a aji ta koya masa shi, sannan ta bar shi da aljihunsa da hankalinsa.

Japan, inda ake ƙera babur ɗin, ta bi wata hanya dabam, kuma akwai abin dariya a ciki. Ƙasar da ta fitar da Honda Blackbird a 1996 da Suzuki Hayabusa a 1999, wanda ya haura kilomita 300 a awa har ya tsorata hukumomin Turai, manyan titunanta kilomita 100 ne iyakarsu, sai wasu 'yan sassa da aka ɗaga zuwa 120. Har zuwa Afrilun 2005 haramun ne a yi goyo a kan waɗannan tituna, alhali kamfanoninta na sayar wa duniya babura masu kujerar mutum biyu. Tsoron kada Turai ta hana shigo da su ne ya sa manyan kamfanoni suka daidaita a tsakaninsu wajen shekarar 2000, ba tare da wata doka a rubuce ba, cewa ba za su bar babur ya wuce kilomita 299 a awa ba. Amma wajen tace mahayi Japan ba ta bar wa Jamus komai ba. Mai neman lasisin babur da ya wuce cc 400 sai ya bi ta kan wani siririn dandamali mai tsawon mita 15 da faɗin santimita 30, ba tare da taya ta zame ko ƙafa ta taɓa ƙasa ba, kuma ana so ya ɗauki daƙiƙa 10 ko fiye a kai. Wanda ya yi sauri an rage masa maki. Sun gane cewa murɗa totur kowa ya iya, riƙe kilo 250 a tafiyar hawainiya shi ne aikin.

Faransa ce ta gwada kama babur ɗin da kansa. Daga tsakiyar shekarun 1980 ta hana yin rajistar duk babur da ya wuce dawaki 100, ta kuma riƙe wannan doka kimanin shekara 30 ita kaɗai a cikin maƙwabtanta. Kamfanoni suka riƙa ɗaure inji don kasuwar Faransa, masu saye kuma da dama suka riƙa zuwa wurin bakanike a kwance ɗaurin, su hau titi da babur da inshora za ta iya juya wa baya ranar da abu ya faru. A 2016 dokar ta faɗi, bayan Tarayyar Turai ta rubuta a cikin sabuwar ƙa'idarta cewa bincike bai tabbatar da alaƙa tsakanin iyakance ƙarfin inji da raguwar haɗari ba. Abin da Faransa ta yi a wannan shekarar ya fi faɗuwar dokar muhimmanci: ta wajabta wa duk sabon mahayi, ko shekarunsa 50, ya fara da A2 na shekara biyu. A daidai lokacin ne kuma Turai ta tilasta birkin ABS, mai hana taya ƙullewa, a kan sababbin babura da suka wuce cc 125.

Mai ja da wannan magana zai ce ai har yanzu mutane na mutuwa a kan babur a Jamus, kusan 500 a shekara a 'yan shekarun nan, kuma gaskiyarsa ne. Sai dai a duba inda suke mutuwa. Mafi yawansu ba a Autobahn ba ne, inda babu iyaka, a hanyoyin karkara ne masu iyakar kilomita 100, a kwana, ko a mahaɗa inda mai mota ya karya bai ga babur ba. Babur mai dawaki 48 ya isa ya kashe mutum a irin wannan kwana, don haka rage H2 SX zuwa dawaki 100 ba zai ceci wanda ya shiga kwanar da gudun da ya fi ƙarfin iyawarsa ba. Akwai kuma ƙorafin da ya fi wannan nauyi a wurina, wanda masu babura ba sa son ji. Mutanen ƙauyukan da ke bakin hanyoyin dutse ba su ci ba su sha ba, amma kowace Lahadi ta bazara ƙarar salansa ce ke cika musu gida. Hanyar Schauinsland kusa da Freiburg a rufe take ga babura a ƙarshen mako da ranakun hutu tun daga Afrilu har farkon Nuwamba, jihar Tirol ta Ostiriya kuma tun 2020 ta hana babura masu ƙarar da ta wuce desibel 95 bin wasu hanyoyinta. Lasisi mai hawa-hawa na koyar da birki da kwana, bai koyar da kunyar maƙwabci ba, kuma a nan hukuma ta koma ga hani saboda ba ta da wata dabara.

A gida kuwa hannun doka kusan kullum a kan babur yake sauka. A watan Janairun 2013, watan da Turai ta fara sabon lasisinta, gwamnatin Kano ta hana goyo a kan babur bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero, Legas ma ta sha hana acaɓa a manyan unguwanninta. Za a ce kwatancin bai yi ba, domin matsalar tsaro ce ta kawo hanin Kano, kuma ɗan acaɓa ko ɗan kabu-kabu abinci yake nema, ba shi da Yuro 2,000 da lasisi kan ci a Jamus. Duka biyun haka suke, babu mai hankalin da zai ce a ɗauko tsarin Stuttgart a ɗora wa mai Boxer a Sabon Gari. Amma tsadar tsarin Jamus daga albashin malamai da kuɗin mai take, ainihin tunanin ba shi da tsada: a san wane ne mahayi, a gwada shi kafin ya ɗauki ran wani a bayansa, a ƙara masa izini gwargwadon daɗewarsa. Dandamalin Japan ma siminti ne da agogo. Da hukumar kiyaye haɗurra ta Najeriya ta tilasta hular kwano a farkon 2009, wasu 'yan acaɓa ƙwarya suka kifa a ka, abin da ke faruwa ke nan idan doka ta faɗo wa mutumin da ba a taɓa zaunar da shi an nuna masa abin da kwalta ke yi wa ƙoƙon kai ba.

Inda kwatancin ya zauna daram shi ne kan manyan baburan da ake shigowa da su na hannu, waɗanda ake jin rurinsu a titunan Abuja da Legas a ƙarshen mako. Masu sayensu ba talakawa ba ne, hujjar neman abinci ba ta shafe su ba. Yawancin baburan nan an ƙera su ne da zaton mahayinsu ya hau matakalar shekaru, tayarsu ta wuce gwaji, titinsu babu rami ko akuya ko tirela mai juyawa a tsakiyar hanya. A Najeriya lasisin rukunin A guda ne ga babur, bai bambanta cc 100 da cc 1,000 ba, saboda haka takardar da ta halatta wa yaro Jincheng ita ce ta halatta masa Hayabusa a ranar da ya sami kuɗinta. Raba wannan rukuni gida biyu ko uku, da sharaɗin shekaru da gwaji ga na sama, ba zai taɓa abincin ɗan acaɓa ko ɗaya ba, kuma masu hawan irin waɗannan babura ba su yi yawan da za su gagari hukuma rajista ba.