Wa ya ja wannan baka?

Dillalan kayan gargajiya suna da wata ɗabi'a: duk tsohon bakan da ya faɗo hannunsu daga gabas, sai su ce na yaƙin Rabe ne. Rabe ya ci Barno a 1893, aka kashe shi a Kusuri a 1900, kuma sanin kowa ne da bindiga ya yi ƙarfi. In da dukan bakunan da ake jingina masa nasa ne, da bai sayi albarushi ba.

Ni ma ina tara bakuna tun zamanin da aikin gwamnati ya kai ni jahar Diffa, amma abin da nake biɗa daban ne. Guda tara gare ni, kuma kowane yana da shafinsa cikin wani littafi: wanda ya sassaƙa shi, wanda ya fara jansa, wanda ya gada, garin da ya zauna. Bakan da ba a san hannuwan da suka riƙe shi ba, a ganina bai fi sandar kiwo daraja ba, ko da an naɗe shi da jar fata.

Ƙasar Manga ba baƙuwar baka ba ce. Baturen Ingila Denham, wanda ya bi Shehu Laminu na Barno zuwa bakin Komadugu Yobe a 1823, ya ba da labarin Mangawa masu yaƙi a ƙasa da kibau masu dafi, har littafinsa na 1826 yana ɗauke da zanen ɗan bakan Manga. Sai dai kada mai karatu ya sa ran samun baka na wancan zamani. Gara da zafi ba su barin itace ya kai haka a cikin bukka. Mafi tsufa cikin nawa, hannu huɗu na iya ƙirgawa, kaka da kakan kaka.

Bin salsalar baka aiki ne na haƙuri. Tsirkiya ba ta shaida, don ana sake ta duk sa'ad da ta tsinke; haka kyauron kibiya. Abin dubawa shi ne wurin riƙo, inda gumi ya baƙanta itacen, da ɗinkin layun da aka ɗaura, da kunnen kibau, domin kowane maƙeri da irin nasa yankan, tsofaffin maharba kuwa suna gane shi kamar yadda malami ke gane rubutun almajirinsa. Shekara kuma ba a tambayarta da lamba. Cewa ake yi: kafin farin 1973 ne ko bayansa? Lokacin yunwar 1984, wadda muke kira El Buhari, yana hannun wa? In mutum biyu da ba su zauna tare ba suka faɗi suna ɗaya, sannan in rubuta da alƙalami. In ɗaya ne, fensir.

Abin da ya sa na ɗauko zancen shi ne Sayam. Da, in an ce Sayam, gidan kiwon gwamnati ake nufi, na shanun Kuri masu manyan ƙahoni. Daga ƙarshen 2014 sunan Sayam Forage ya zama na sansanin ƴan gudun hijira, bayan Boko Haram ta watsa Damasak da garuruwan hayin kogi. A Fabrairun 2015 aka kai hari Bosso da Diffa, a watan Mayu aka kwashe mutanen tsibiran tafkin Cadi. Dattawan da za su ce "wannan na wane ne, ɗan wane" sun warwatsu, wasu sun rasu a hanya. Shaidun nan biyu da nake nema, ɗaya yana iya zama a Sayam, ɗaya a Maiduguri.

Nan ne kuma ciniki ya zama abin kunya. Wani dattijo Bamange da muka zanta a kasuwar Sayam ya miƙo mani bakan mahaifinsa, ya ce: "Malam, ba ni jika biyu, yara ba su ci ba." Na ce: "Baba, ga jika biyu, amma bakan ya zauna wurinka. Sunaye nake so." Ya ƙirgo mani uku, ya nuna tsagar da ta samu itacen ranar da aka kori kura daga garke. Shafinsa yana cikin littafina ba tare da bakan ba. Na tabbata dillali zai zo bayana, ya saye shi kuɗin tiya biyu ta gero, ya kankare layun, ya maida shi na Rabe.

Ga ƴan uwa ma'aikata, musamman na duwan: muna da doka mai lamba 97-022 ta 30 ga Yuni 1997 kan kare kayan tarihi. Mun ga yadda aka haƙe makabartun Bura aka yi waje da tukwanensu cikin shekarun 1990. Baka ba ya da tsadar tukunyar Bura, shi ya sa ba mai duban buhun da yake ciki. Ga ƴan kasuwa kuwa, ko ta fuskar riba aka auna, masu saye na Turai takardar asali suke tambaya kafin su tambayi kuɗi.

Nawa tara, na rubuta wasiyya a kai su gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai, bisa sharaɗi guda: kada a rataye ko ɗaya sai da shafinsa a gefe. Uku daga cikin shafukan har yanzu da fensir suke, kuma an gaya mani mai shaidar ɗayansu, wata tsohuwa ƴar Malam Fatori, tana Gigime.