Tsibirin Lewis da Harris: hutu a bakin iyakar Turai

Ya ku 'yan'uwa masu karatu, a wannan fitowa za mu leƙa wani tsibiri da ke arewa maso yammacin Sikotlan, wadda masu Faransanci ke kira Ecosse. Sunansa Lewis da Harris. Suna biyu ne, amma ƙasa ɗaya ce: Lewis a arewa, shimfiɗaɗɗiya mai dausayi, Harris a kudu, mai tsaunuka. Mutanensa kusan 20,000 ne. Abin da ya sa ya cancanci ziyarar iyalin Musulmi shi ne yadda jama'arsa suka riƙe harshensu, da sana'arsu, da ranar ibadarsu, duk da guguwar zamani.

Babban garin shi ne Stornoway. Ana isa can da jirgin sama daga Gilasgo cikin kamar awa ɗaya, ko da jirgin ruwan kamfanin CalMac daga Ullapool cikin ƙasa da awa uku. A lura, bizar Shengen ba ta shiga Birtaniya; sai an nemi tata daban.

Wurin da ya fi suna shi ne Calanais, inda mutanen dā suka kafa dogayen duwatsu a tsaye kimanin shekara 5,000 da suka wuce. Duwatsu 13 sun yi da'ira, a tsakiyarsu akwai wani mai tsawon kusan mita 5. Waɗanda suka sha wahalar kafa su ba su bar rubutu ba, ko sunan ɗayansu bai iso gare mu ba. Uban da ya tsaya nan da 'ya'yansa ya sami wa'azi ba tare da dogon bayani ba: gini ya saura, magini ya shuɗe.

Gaba kaɗan akwai ƙauyen Gearrannan, mai gidajen dutse da rufin ciyawa, waɗanda ake kira baƙaƙen gidaje. A tsarinsu na asali, wuta tana tsakiyar ɗaki, babu mafitar hayaƙi, shanu kuma suna kwana a ɓangare ɗaya ƙarƙashin rufi guda da masu gida, don kowa ya sami ɗumi. Da yake itatuwa sun yi ƙaranci a tsibirin, makamashinsu wata baƙar ƙasa ce ta ruɓaɓɓun tsirrai, wadda ake yankowa daga dausayi a shanya. Mazauna na ƙarshe sun bar gidajen a 1974, yanzu an gyara su don baƙi.

Mai son sana'ar hannu ya nemi gidan masaƙi. Yadin ulu mai suna Harris Tweed ya shahara a duniya, kuma wata doka ta 1993 ta hana a ba kowane yadi wannan suna sai wanda mazaunin waɗannan tsibirai ya saƙa a gidansa. Da ƙafa masaƙi ke tuƙa masaƙarsa, ba da lantarki ba. Ta haka aikin ya zauna a ƙauye, bai gudu zuwa manyan masana'antun birni ba. A gidan tarihi na fadar Lews da ke Stornoway kuma, ana nuna shida daga cikin 'ya'yan darar nan da aka tono a Uig a 1831, waɗanda aka sassaƙa yawancinsu da hauren wata dabbar teku a ƙarni na 12. Wasan kuwa, wanda Larabawa ke kira shaɗaranji, ta ƙasashen Musulmi ya bi ya shiga Turai.

Yara za su fi jin daɗin gaɓar Luskentyre a Harris, mai farin rairayi da ruwa garai-garai. Sai dai ruwan yana da sanyi ko a tsakiyar shekara, kuma iska da ruwan sama kan zo ba sallama. A tanadi rigar sanyi da ta ruwa, da maganin wasu ƙananan ƙwari masu cizo da ke fitowa idan iska ta kwanta.

Mutanen tsibirin Kiristoci ne masu tsananin riƙo, da yawansu kuma suna magana da harshen Galik ban da Ingilishi. Ranar Lahadi mafi yawan kantuna a rufe suke. Jirgin ruwa bai fara tashi daga Stornoway a wannan rana bisa tsari ba sai 2009, kantin Tesco na garin kuma sai a Nuwamban 2024 ya soma buɗewa, bayan muhawara mai zafi. Baƙo ya yi cefanensa tun Asabar, ya sassauta murya kusa da majami'u. Wanda ya san darajar Juma'a ba zai raina wanda ya keɓe wa ibadarsa rana ba.

Musulmi ma suna da tarihi a nan. Tun tsakiyar ƙarni na 20 'yan kasuwa daga Pakistan suka zauna a garin, wasunsu har suka iya Galik. Daga baya iyalan Siriya da suka tsere wa yaƙi suka ƙaru. A Mayun 2018 aka buɗe masallacin Stornoway, na farko a waɗannan tsibirai, cikin wani tsohon gida da aka gyara da gudummawar jama'a daga sassa daban-daban. Wata ƙaramar ɗariƙar coci ta nuna adawa, amma limamin coci mafi girma a garin ya fito ya kare haƙƙin Musulmi na yin ibada. Kafin haka a cikin gidajensu suke haɗuwa su yi salla.

Abubuwa biyu ke buƙatar shiri. Na farko lokutan salla: a ƙarshen Yuni rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe 10 na dare, ta kuma fito kafin 5 na asuba, hasken sararin sama bai gama ɓacewa ba tsakani. Don haka a karɓi jadawalin masallacin wajen lissafin Isha'i da Asuba. Alƙibla tana kudu maso gabas. Na biyu abinci: wani baƙin tsiran da garin ya yi suna da shi, wanda ake sawa a karin kumallo, da jini ake haɗa shi, bai halatta ba. Kifi kuwa yana nan a wadace, sabon fitowa daga teku.

Ba kowane gida ne Allah ya hore wa irin wannan tafiya ba, kuma tanadin aikin Hajji shi ne kan gaba. Amma ko daga nesa, tsibirin ya bar mana tambaya: idan mutum 20,000 sun iya tsare harshensu da sana'ar kakanninsu, me zai hana mu koya wa 'ya'yanmu namu? Allah Ya ba mu tafiya mai amfani, Ya mayar da kowane matafiyi gida lafiya. Amin.