Gundumar Gaines, Inda Gwamnati Ke Cike Wa Manomi Giɓi

Daga birnin Lubbock na jihar Teksas a Amurka, in mutum ya nufi kudu maso yamma tafiyar kamar kilomita 130, zai isa Seminole, hedkwatar gundumar Gaines. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya kamar faifai, mai jan rairayi, itace ma sai an nema. Auduga da gyaɗa ne iyakar ganin ido, sai kuma injinan tatso mai da ke ta sunkuyo da ɗagowa a tsakiyar gonaki dare da rana.

Ruwan sama a nan bai kai milimita 500 a shekara ba, wato kusan rabin na Garwa. Saboda haka rijiyoyin burtsatse ake haƙawa, a jawo ruwa daga wani tafkin ƙarƙashin ƙasa mai suna Ogallala, a ɗura a dogon bututu mai ƙafafun taya, yana kewayawa yana yayyafi. Shi ya sa gonakin suke zagaye kamar tabarmar kaba, kowane zagaye kusan hekta 50. Manomi guda yakan riƙe irinsu da dama.

To, jama'a, abin da ya fi ɗaukar mini hankali shi ne ofishin ma'aikatar gona da ke cikin garin. Can ne manomi ke zuwa duk shekara ya rubuta abin da ya shuka. Gwamnati ta yanke wani farashi da ta ce shi ne ma'auni. Na gyaɗa dala 535 ne kowane tan a dokar 2014, aka ɗaga shi zuwa 630 a 2025. In kasuwa ta faɗi ƙasa da haka, sai baitulmali ya cike giɓin. Amma fa ba a kan amfanin bana ake lissafi ba. Ana duba tsohon rajistar gonar ne, fili nawa aka saba shukawa da abin da ya saba bayarwa, a biya a kan kashi 85 cikin 100 na filin. Ke nan kuɗin gona suke bi, ba talauci ba, kuma mai babban fili shi ke kwasar babban kaso. An sa iyaka, dala 125,000 ga mutum guda, aka mai da ita 155,000 a 2025, sai dai gonar da 'yan uwa suka yi tarayya a kanta kowannensu yana iya karɓar nasa.

Mai karatu da ya san manomin Sodecoton, wanda sau da yawa gonarsa ba ta wuce hekta ɗaya ba, kuma ake cire bashin taki da magani tun a bakin sikeli, zai gane cewa kasuwa ɗaya suke kai kaya amma ba ƙarfinsu ɗaya ba. Wannan ne kukan da Benin da Burkina Faso da Cadi da Mali suka kai taron ciniki na duniya a Kankun a 2003. Burazil kuwa ƙara ta kai, ta yi nasara, har Amurka ta riƙa biyanta dala miliyan 147 a shekara daga 2010, aka rufe maganar da miliyan 300 a 2014. A shekarar aka cire auduga daga tsarin cike giɓi. A 2018 aka dawo da ita.

Su dai manoman Gaines, damuwarsu ta fi karkata ga rijiya. Ruwan Ogallala yana ja baya, domin abin da ake zuƙa ya fi abin da ke komawa, har wasu sun koma jiran damina. A farin 2022 an bar yawancin audugar wannan yanki a gona ba a tsinka ba. Inshorar amfanin gona ce ta ɗauki asarar, ita ma gwamnati ke biyan kusan kashi 60 cikin 100 na kuɗinta.