Haihuwa daban, riƙo daban: a kan wani littafin Romain Gary

Yau ina so mu yi hirar wani marubucin Faransa, Romain Gary, da littafinsa La Vie devant soi, wato rayuwa tana gaba, wanda ya fito a 1975. Na fara karanta shi ina lise, na sake shi da na girma, kuma kullum abu guda yake tuna mini: wanda ya haife ka daban, wanda ya ɗauki nauyinka daban.

Labarin yana gudana a Belleville, unguwar baƙi a birnin Paris. A hawa na shida na wani tsohon bene, wata tsohuwa Bayahudiya, Madam Rosa, wadda ta tsira daga sansanin Auschwitz na ƴan Nazi, tana riƙon ƴaƴan mata masu zaman kansu ana biyanta. Cikinsu akwai Momo, wato Muhammadu, yaro Balarabe Musulmi. Shi ke ba da labarin. Da farko kuɗi ne ya haɗa su. Daga baya kuɗin suka daina zuwa, ba ta kore shi ba. Da ciwo ya kwantar da ita, shi ma bai gudu ba.

Ba shi kaɗai ya yi jinya ba. Akwai tsoho Hamil mai sayar da darduma, wanda ya koya wa yaron karatu. Akwai Waloumba, mai sharar titi daga Kamaru, da abokansa. Akwai ƴan'uwan nan Zaoum, ƴan dako, masu ɗaukar tsohuwa su sauko da ita su mayar. Har ɗan ƙasarmu yana ciki, N'Da Amédée, kawali wanda bai iya rubutu ba, Madam Rosa ke rubuta masa wasiƙun ƙarya zuwa ga iyayensa a Nijar, ana gaya musu ya zama babban ɗan kwangila. Ba jini, ba addini, ba ƙasa da ta haɗa mutanen nan. Matakalar bene ce ta mai da su dangi.

Ina Gary ya samo wannan? Daga rayuwarsa. Sunansa na yanka Roman Kacew, an haife shi a Vilnius a 1914. Uban ya bar gida tun yana yaro. Uwa ce ta rene shi ita kaɗai, ta kawo shi Nice a 1928, ta ɗora masa burin zama babban mutum. Ta rasu a 1941 yana fagen yaƙi cikin mayaƙan sama na Janar De Gaulle. A kanta ya rubuta littafinsa La Promesse de l'aube na 1960. Mutumin da ya zaɓi ƙasa, ya zaɓi harshe, ya zaɓi suna, ba abin mamaki ba ne ya rubuta labarin yaron da ya zaɓi uwa.

Yadda ya rubuta littafin ma abin dubawa ne. A 1956 Gary ya ci kyautar Goncourt da Les Racines du ciel, labarin kare giwaye a ƙasar Cadi. Bayan shekaru kusan 20, masu sharhi a Paris suka ɗauke shi tsohon hannu wanda ba ya da sabon zance. Sai ya ƙirƙiro wani marubuci, Émile Ajar, ya sa aka kai wa maɗaba'a littafin farko a 1974 kamar daga Barazil aka aiko shi. Sabon suna ya ba shi sabon baki. Gary tsohon jami'in diflomasiyya ne mai Faransancin ofis. Momo kuwa yana tsintar kalmomin manya, na likita da na ƴan sanda, yana sa su inda ba wurinsu ba, kuma ta wannan kuskure gaskiya ke fitowa tsirara. Duk wanda ya koyi Faransanci a lakkwal bayan ya sha Hausa a nono ya san ƙarfin irin wannan magana.

Littafin ya ci Goncourt a 1975, alhali ƙa'ida ta hana mutum ɗaya ya ci sau biyu. Da ƴan jarida suka matsa sai sun ga Ajar, Gary ya tura wani ɗan'uwansa na jini, Paul Pavlowitch, ya tsaya a matsayinsa. Wasan ya ɓata tsakaninsu. Gary ya kashe kansa ran 2 ga Disamba 1980, asiri kuma bai tonu ba sai a 1981. Ku dubi wannan abin tausayi: a kan takarda ya gina zumunta tsakanin bare, a gida kuma dabarar da ya yi ta raunana tasa.

Wurin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ranar da uban Momo ya bayyana bayan shekara 11 yana neman ɗansa. Madam Rosa ta nuna masa wani yaro daban. A ranar Momo ya gane shekarunsa 14, ba 10 ba: ta rage masa huɗu don kada ya girma ya bar ta. Gary bai wanke ta ba. Ya nuna ƙaunar riƙo da son kanta da tsoronta, domin uwar riƙo ta san ba ta da takardar da za ta hana a ƙwace mata ɗa.

Da yawa daga cikinmu da ke zaune a biro ko a bakin kanti yau, irin wannan gida muka ratso. Ni kaina, da na bar ƙauye don karatu, wata tsohuwa mai tuyar ƙosai ce ta sauke ni a Damagaram shekara uku. Ba ta san iyayena ba sai a baki. Sunanta ba ya cikin takardar haihuwata, ba ya cikin difloma, amma da kuɗin kaskonta aka sayi kananzir ɗin da na yi karatu da shi. Haka yaron shago da ubangidansa a kasuwar Maraɗi, haka ma'aikacin da aka tura Tawa ya sami maƙwabciyar da ƴaƴansa ke kira inna.

Momo ya biya bashinsa. Tsohuwa ta roƙe shi kada a kai ta asibiti ta ƙare kwanakinta cikin hannun baƙi, ya sauko da ita ɗakin ƙarƙashin ƙasa inda take ɓuya idan tsoron da ya taso mata, ya zauna da ita har bayan rai ya yi halinsa. Mu ba a nemi haka gare mu ba. Amma idan albashi ya fito, ko ciniki ya yi kyau, mukan lissafa dangin jini mu manta da mai riƙo, don ba ta da bakin tambaya. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Wanda nasa mai riƙon ke raye, ya taka ya gaishe shi tun kafin a aiko masa da saƙon ta'aziyya. Allah shi ba mu ikon sāka alheri da alheri.