Tutar da muka kai baje koli

Kwana uku muka yi muna gardama a kan farin yadi guda huɗu. Ƙungiyarmu ta manoman rani ce, wasu daga ƙasar Gwarzo, wasu daga Kabo, ga shi mun samu rumfa a kasuwar baje koli ta Kano, wadda ƙungiyar 'yan kasuwa ta KACCIMA ke shiryawa a titin gidan Zoo idan shekara ta zo ƙarshe. Lokacin ba a daɗe da cire Jigawa daga Kano ba, a 1991, kowa na son ya nuna abin da ya rage mana. Shugabanmu, da duk muke kira Kawu, ya ce rumfa ba tuta ai ango ne ba babbar riga.

Ni aka ɗora wa zanen, don ina da ɗan hannu. Na ba su labarin Taiwo Akinkunmi, ɗalibin da ya zana tutar Najeriya a 1959, har da jar rana a tsakiya, masu tantancewa suka cire ranar suka bar kore da fari. Nufina mu ma mu taƙaita. Ina! Wannan ya ce a sa kifin dam ɗin Guzuguzu, wancan ya ce to na dam ɗin Magaga fa, wani ya rantse sai an sa jirgin sama, tunda Kabo Air ta kai sunan garinsu har Jidda. Daga ƙarshe dattawa suka yi rinjaye: dalar gyaɗa. Ni kuwa ban taɓa ganin dalar nan ba sai a hoto, don tun cutar da ta cinye gyaɗa a 1975 ba ta sake tashi ba. Na zana, bakina alekum.

Da asuba muka hau akori-kura, hunturu na yankan kunne, muka bi hanyar Gwarzo muka shiga gari ta Kabuga. Ashe fentin bai bushe ba da na ninke yadin. Da muka warware, dala ɗaya ta zama biyu, ɗaya a tsaye ɗaya a kife. Kawu ya duba ya ce, "Ɗaura ta haka, yaro, arziki ne ya ƙaru."

Damanmu masu katifa, hagunmu masu injin ban ruwa da lasifika. Tsofaffi kan tsaya gaban tutar, su tuna zamanin sayen gyaɗa, su yi ajiyar zuciya, su wuce. Masu kuɗi a aljihu kuwa ƙasa suke kallo, kan tabarma, inda muka jera mazarƙwaila da albasa da barkono da kauɗa.

Rana ta huɗu wani ɗan kasuwa daga Dawanau ya tsuguna, ya ɗauki kauɗar, ya ɓalla, ya sansana. Ba yashi, ba baƙi, don a kan tabarma muke shanya, ba bakin kwalta ba.

"Baba, buhu nawa za ku iya ba ni duk sati?"

Kawu ya dube ni, na dubi ƙasa. Rabin buhu muka zo da shi. Mun ɓata kwana uku kan launin fenti, amma ba wanda ya zauna ya ƙirga ko buhu nawa ƙungiya ke fitarwa a kaka guda. Har yau in na tuna sai in ji kunya, domin ni ne mai biro a cikinsu.

"Alhaji," in ji Kawu, "ka same mu a Getso ranar kasuwa, ma yi magana."

Mutumin ya rubuta a bayan takardar siminti. Ya zo kuwa, bayan sati biyu, ya kwashi buhu tara da muka tattaro gida-gida.

Tutar kuma, da rani ya tsaya na gan ta a kan soron Kawu, an danne gefenta da duwatsu, yankakken tumatir ya rufe dalolin biyu.